Tahamisin Lawali

Duk wanda ya zauna a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira bai san ɗalibin nan Lawali ɗan Talatar Mafara ba, to ba ya fitowa shan shayi ne. Allah Ya yi wa bawan nan baki, bai sa masa birki ba. Ba a taɓa ambaton wani abu a gabansa ya ce bai iya ba. In ana zancen kifi, ya taɓa kamo wanda sai da aka yi masa hayar amalanke. In ana zancen jirgin sama, ranar da za su zo Masar da ƙyar ya ƙi taya direban. Abu ɗaya ne ya iya tsakani da Allah, shi ne tahamisi, wato ya ɗauki baitin wani malami mai ɗango biyu, ya ƙara masa uku su zama biyar, ya rera a taron maulidi. Wannan kam ya gada wurin kakansa. Sai dai bai cika kawo zancensa ba, saboda gaskiya ne, shi kuwa gaskiya ba ta yi masa daɗin faɗa.

To, Lawali ya kamu da son Tagwa, 'yar Ammu Ya'ƙub. Ammu Ya'ƙub Bahaushen Sudan ne, yaƙi ya koro shi da iyalinsa, ya kama wani ɗan fili a bakin titi yana dillancin tsofaffin motoci. Tagwa ba ta ƙi Lawali ba, don yana ba ta dariya. Uban ne ya tsaya a kan magana ɗaya.

"Ya waladi, karatu na gani, baki na ji. Me ka iya da hannunka?"

Tambayar nan ta daɗe tana cin Lawali a rai.

A cikin motocin Ammu akwai wata ja da yake kira Arusa, wato amarya. Ta ƙi sayuwa. Kullum sai ya wanke ta, ya goge, masu saye su zagaya ta, su ƙwanƙwasa mata taya, su wuce. Wata rana da yamma Munzir, makanikin da ke duba masa motoci, ya nuna masa wani tallan mota a waya. Mota na juyi wuri ɗaya, taya na ƙara, hayaƙi ya turnuƙe. Tagwa ta leƙa ta taɓe baki.

"Yaba, wa zai sayi mota don ta iya hajijiya? Mai saye so yake ya ji ko tana shan mai, ko tana sanyi."

"Ke ba ki san kasuwa ba," in ji uban. "Ido ne ke saye. Wallahi da zan samu mai takhmis, da Arusa ba ta ƙara mako a nan ba."

Daidai nan Lawali ya yi sallama. Bai ga waya ba, bai ji farkon zance ba, kalma ɗaya kawai ta faɗa masa a kunne. Abin da bai sani ba, a bakin mutanen Alƙahira takhmis shi ne wasan mota, irin wanda 'yan iskan gari ke yi ranar ɗaurin aure. Shi kuwa Larabcinsa na littafi ne, har tinƙaho yake yi wai ba ya ɓata harshensa da Larabcin kan titi.

"Ammu, tahamisi kake nema ina raye?" Ya ja kujera ya zauna. "Ai ka zo gidansa."

"Kai? Ka iya?"

"Tun ina ɗan shekara tara. Kakana ya koya min. Shi har bayan ya makance bai daina ba."

Munzir ya ajiye kofin shayinsa. "Makaho? Yana takhmis?"

"A ƙofar masallaci ma kuwa. Mutane su yi ta kuka."

"Dole su yi kuka," in ji Munzir.

Ammu Ya'ƙub ya matso da kujerarsa. "Hukuma ba ta kama ku?"

"Kamu? Hakimi da kansa ya cire rigarsa ya ba ni. Ranar na bi ta kan baiti arba'in ban tsaya ba."

A kunnen mutumin Sudan kuwa baiti gida ne. Ammu ya dafe ƙirji. "Arba'in! Masu su fa?"

"Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu."

"La haula! Kai ba abin da ya same ka?"

"Sau ɗaya na karya ƙafiya. Nan take na gyara ta na ci gaba, ba wanda ya lura."

Ammu ya sunkuya ya duba ƙafar Lawali ta dama, ya duba ta hagu, ya ga duk lafiya lau. Sai ya miƙe ya rungume shi.

"Khalas! Juma'a da safe, titi ba kowa. Ka yi wa Arusa takhmis, Munzir ya ɗauka a waya. Wallahi in motar nan ta fita, ka turo min magabatanka."

Lawali ya ɗan yi mamakin yi wa mota tahamisi, amma da ya ji magabata sai mamakin ya gudu. Ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, yana neman kalmomin da za su dace da Arusa.

Abdurrahim, abokin zamansa, yana yanka albasa ya ji labarin. Ya ajiye wuƙar. Ya ɗauko waya ya rubuta kalmar da Larabci, ya miƙa masa. Lawali ya kalli bidiyo na farko, ya kalli na biyu. A na uku motar ta ƙare ne a cikin shagon mai sayar da firji.

"Wannan... shi ne?"

"Shi ne. Lawali, ka taɓa tuƙa mota?"

"Na sha zama a gaba."

"Tashi ka koma yanzu ka faɗa wa dattijon nan gaskiya. Za a yi dariya, gobe a manta."

Tsoro ya kama Lawali. Amma da ya tuna yadda Ammu ya rungume shi a gaban Munzir, sai girman kai ya taso ya danne tsoron.

"Haba Abdurrahim. Mutumin da ya haddace nahawu, ƙarfe ne zai gagare shi? Jahilai nawa ke tuƙa mota a garin nan?"

"Su ba daga nahawu suka fara ba."

Washegari makaranta ta rasa Lawali. Ya kafa kujera a tsakiyar ɗaki, murfin tukunya ya zama sitiyari, muciya ta zama giya, silifas uku a ƙasa suka zama kuloci da birki da totur. Yana kallon waya yana murza murfi, yana ƙarar inji da baki. Da ya zo kwana mai tsanani sai ya kwanta gefe guda don ya ji yadda ake ji, kujera ta tafi da shi har ƙasa. Matar da ke hawan ƙasa ta yi ta dukan silin da sandar tsintsiya, ta aiko a tambaya ko 'yan Najeriya sun sayi akuya ne.

Daga nan ya ce yana buƙatar mota ta gaske. Ya tafi wurin wasan yara, ya shiga 'yan motocin nan masu karo da juna. Ya fito wuyansa a karkace, hularsa a hannun wata yarinya mai kitso biyu. Ya ce wa Abdurrahim ai ya gano sirrin abin, duk a kwatangwalo yake.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Ina! Bakin nan ba ya hutu. Ya shiga zauren ɗalibai na waya ya sanar cewa ranar Juma'a za a ga abin da ba a taɓa gani ba tun zamanin Fir'auna. Ya ji labarin Hajiya Rabi'atu, matar wani ma'aikacin ofishin jakadanci da ke unguwar Zamalek, tana neman motar kai yara makaranta. Ya samo lambarta, ya ce ta zo ta ga mota tana aiki da idonta.

Ana gobe za a yi, Tagwa ta kira shi. Muryarta ba wasa a ciki.

"Lawali, zan tambaye ka abu ɗaya. Ka iya abin nan?"

"Subhanallahi! Har ke?"

"Ka saurare ni. Motar nan ita ce jarin Yaba. Ni ba direba nake nema ba. In ba ka iya ba, ka faɗa min yanzu, daga ni sai kai, na san yadda zan yi da shi. Ba zan raina ka ba."

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Zuciyar Lawali na cewa faɗi, faɗi. Sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"Tagwa, ido rufe nake yi."

"Tamam," ta ce, ta kashe wayar.

Safiyar Juma'a aka hallara a wani fili bayan kasuwa. Ɗalibai sun zo kamar ana rabon tallafi. Masu gadin gidaje sun fito da kujerunsu, mata sun cika baranda. A gefe guda Osama mai ful, wato dafaffen waken da mutanen Masar ke karyawa da shi, ya ga jama'a ya turo kekensa da ƙatuwar tukunyarsa mai dogon wuya. Hajiya Rabi'atu ta sauka daga tasi da baƙin tabarau, aka ba ta kujera kusa da Ammu Ya'ƙub.

Sai ga Lawali cikin babbar riga fara ƙal, wai don iska ta riƙa kaɗa ta a hoto. Munzir ya maƙala masa ɗan makirfo a wuya, ya haɗa da lasifika.

"Kana juyi kana yabon motar, jama'a su ji. Yalla."

Lawali ya shiga ya ja ƙofa, rabin rigar ya rage a waje. Ya buɗe ya janyo, ya rufe, ɗaya rabin ya rataye a jikin giya. Ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Arusa ta yi tsalle ɗaya kamar an tsikare ta, ta mutu.

"Gaisuwa ce," muryarsa ta fito ta lasifika. "Haka ake fara na gargajiya."

Ya sake murɗawa, ta sake gaisuwa. A karo na uku abin goge gilashi ya kama aiki, ruwa ya yi tsiri, rediyo ya ɓarke da labarin wasanni.

"Kuloci!" Abdurrahim ya yi ihu. "Silifas na hagu!"

Wannan ya taimaka. Injin ya tashi. Munzir ya leƙo ta taga ya ce in ta ɗau gudu ya murɗe sitiyari ya ja birkin hannu. Lawali ya ce ai ya sani. Ya laluba ya kamo wani ƙarfe ya ja, kujera ta kwanta da shi, ya ɓace daga taga gaba ɗaya. Ya laluba wani ya ja, but ɗin baya ya buɗe baki.

"Ina direban ya tafi?" in ji Hajiya Rabi'atu.

"Salo ne, Hajiya," in ji Ammu Ya'ƙub. "Kakansa ma ba ya gani yake yi."

A garin tasowa Lawali ya rungumi sitiyari ya murɗe shi har ƙarshe, rigar da ta rataye ta fizgi giya, ƙafarsa ta zame daga kuloci. Arusa ta tafi da baya. Da yake sitiyarin a murɗe yake, sai ta kama zagaye. Ta zagaya, ta sake zagayowa, but a buɗe yana kaɗawa. Birkin hannun da bai taɓa saukewa ba ya fara ƙauri, hayaƙi ya taso ta ƙarƙashi.

"Allahu Akbar!" Ammu ya yi tsalle. "Hayaƙi! Munzir, ɗauki hayaƙin!"

Fili ya kaure da tafi da fito. Wallahi da Lawali ya san inda birki yake a wannan lokacin, da ya tsaya ya fito ya auri Tagwa. Amma da ya ji tafi sai kansa ya kumbura. Ya fito da hannu ta taga yana ɗaga wa jama'a.

"Jama'a ku ga mota! Ku ga lafiyar..."

Ya ce bari ya ɗan rage gudu don a ji shi sosai, ya taka silifas na dama.

Arusa ta yi wata irin kururuwa. Da'irar ta fara faɗi. Masu gadi suka kwashi kujerunsu, ɗalibai suka watse, wani ya haye bishiya da jallabiya. Ammu Ya'ƙub ya daina kabbara ya koma salati. A zagaye na gaba bayan motar ya sharɓi keken Osama. Burodi ya tashi sama, tukunyar ful ta gangaro ta faɗa cikin but daram, wake na malala, Arusa ta yi gaba da ita.

Osama ya ɗauki ludayinsa mai tsawon hannu ya bi mota. Yana binta, da ta zagayo sai ta zama ita ke binsa. Ya juya ya gudu yana zagi da Larabcin da babu shi a littafin Lawali ko ɗaya.

"Birki! Na tsakiya!" Abdurrahim na ihu.

"Babu na tsakiya! Riga ta rufe su!" lasifika ta amsa. "Wayyo Allah! Wayyo inna! Ammu, wallahi ban iya mota ba! Waƙa nake nufi! Tahamisin waƙa!"

Har na kan baranda sun ji. Kuma da yake tsoro kan fito da abin da ke cikin mutum na asali, sai ga muryar Lawali ta maulidi ta cika fili, tana rawa amma ba ta kauce ba:

"Ya Rabbi Sarki, nuna min birki,
Ƙafata ta rikice wurin aiki,
Ni ban taɓa tuƙi ba sai jaki,
Abin da ya kai ni nan cikar baki,
In na fita da rai da mamaki!"

"Ko ba komai ƙafiyar ta zauna," in ji wanda ke kan bishiya.

Allah Ya ji ƙansa da tulin yashin wasu magina. Arusa ta haye shi da baya, ta yi tari, ta mutu. Ƙura ta lafa. Lawali ya buɗe ƙofa ya zubo ƙasa, ya miƙe, duniya ta ci gaba da juya masa, ya yi zagaye biyu da ƙafa ya zauna daɓas a cikin wake. Osama ya iso ya sauke masa ludayi a hula, mutane suka riƙe shi.

Ammu Ya'ƙub ya zagaya motarsa hannu a ka. Fitila ɗaya ta tafi, bamba na lilo.

"Baiti arba'in," ya ce a hankali. "Ya waladi, baitin waƙa?"

"Ai ban ce na bulo ba, Ammu."

Hajiya Rabi'atu ta taso tana kaɗe ƙura daga mayafinta. "Malam Ya'ƙub, wa ya ba ka shawarar nan? Ni motar kai yara makaranta nake nema, ba ta kai su lahira ba. Ɗana babba ya fara ƙyalla ido a kan makulli. In ya ga wannan hoton, ai na shiga uku."

Ta juya za ta tafi, sai idonta ya faɗa cikin but. Ta tsaya. Ta cire tabarau.

"Tsaya. Tukunyar nan gaba ɗayanta ta shige?"

"Ma'alish Hajiya, za a wanke..."

"Har da sauran wuri a gefe!" Ta auna da hannu. "Nan buhun shinkafa, nan tukunyar gas, nan jakunkunan yara. Duk motocin da na duba ba wadda but ɗinta ya kai wannan. Me ya hana ka faɗa min tun farko? Tana sanyi?"

"Kamar firji," in ji Tagwa daga bayanta.

"A gyara fitilar da birkin, a wanke waken, a kawo min ita Zamalek. Amma kada wancan ya kawo ta."

Kafin ta rufe baki Lawali ya miƙe, wake na ɗiga daga babbar riga. Wai kunya? Ko alama.

"Alhamdu lillahi! Ammu, ka gani? Dabarar ke nan tun farko, a nuna girman but. Mota ta fita. Yaushe zan turo magabatan?"

Ammu Ya'ƙub ya dube shi daga hula har takalmi. "Tukunya ce ta sayar da motar nan. Ita ta turo nata."

Fili ya fashe da dariya, har Osama da aka fassara masa. Lawali ma ya yi 'yar dariyar, ya juya wurin Tagwa, don ya san ita ce mai taya shi in an yi masa taron dangi. Ba ta dariya.

"Tagwa, ki yi wa Ammu magana mana. Ai ba a yi asara ba."

"Yaba zai huce kafin la'asar, na san shi," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ni ce na tambaye ka, Lawali. Daga ni sai kai."

Ta wuce ta kama wa Osama kekensa suka tayar. Lawali ya buɗe baki, karo na farko a Hay el-Sabi' ba abin da ya fito.

Hoton kuwa ya zagaya wayoyi har Talatar Mafara, sunan Lawali Tahamisi ya bi shi. Bayan Babbar Salla Ammu Ya'ƙub ya aiko Abdurrahim da saƙo. An sa ranar Tagwa da Munzir, ana so Lawali ya zo walima ya yi tahamisi.

"Ya ce in jaddada maka, na baki. Kuma ka zo a motar haya."

Ya je. Ya tsaya gaban jama'a ya rera, bai karya ƙafiya ko ɗaya ba. Tsofaffin Sudan suka yi ta share hawaye, shi ma ya share nasa, kowa ya ɗauka shauƙi ne. A hanyar komowa suna cikin ƙaramar bas ya jingina kai da gilashi har suka wuce gada. Abdurrahim ya ji tausayinsa ya kama shi, ya dafa masa kafaɗa.

"Ka yi haƙuri, Lawali."

Lawali ya ja hanci, ya goge ido da hannun riga. Ya ɗan leƙa gaba ya ƙura wa hannun direba ido.

"Ka ga yadda yake riƙe sitiyari?" ya ce. "Wannan bai iya ba."